Juyen Baƙin Mai a Gida Ba Tare da An Ɓata Wuri Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Gombe muke muku magana, kuma darasinmu na yau a kan juyen mai ne, ga mai son ya yi wa motarsa da kansa a gida. Kwance noti da ɗaure noti ba su ne wahalar ba, kowa zai iya. Abin da ke hana mutane sake gwadawa shi ne ɓarnar da ke biyo baya: siminti ya yi baƙi, riga ta lalace, yara su taka su shiga da shi har kan tabarma, maigidan haya ya zo yana faɗa. Duk wannan ana kauce masa idan ka tanadar wa tsohon man inda zai sauka da inda zai kwana tun kafin ka ɗauki sifana. Auta, matso da wayar nan ƙasa su ga kayan.

Motar da ke gabanmu Corolla ce mai inji 1.8, tana shan kusan lita 4. Kan notinta na juye lamba 14 ne. Idan Honda Accord gare ka lamba 17 za ka nema, Golf kuma 19. Ka tabbatar sifanar ta zauna daram, don idan ta yi sako-sako ta cinye kan notin, aikin ya tashi daga na gida ya koma na gareji.

Ga abin da na fi so ku duba, wannan jarkar. Irin ruwan ɗorawar nan ce ta man gyaɗa mai lita 25. Na kwantar da ita, na yanke gefe guda da wuƙa na buɗe shi sosai, amma ban taɓa bakinta ba, murfinta na nan a ɗaure. Tana da faɗi, ba ta da tsayin da zai hana ta shiga ƙarƙashin mota, kuma lita 4 ko rabinta ba zai kai ba, saboda haka in ka jawo ta man ba zai yi tambal-tambal ya zubo ba. In an gama, ka buɗe murfin ka tsiyaye ta bakin. Masu tara ƙaramar roba ko tsohon kwanon abinci su ne ke shan wahala, domin kwanon kan cika fal mai na kan zuba, ga hannu duk santsi, babu halin ɗauka. Kuma don Allah kada a taɓa kayan kicin a wannan aiki, ko da an ce za a wanke.

Ƙarƙashin jarkar kwali na shimfiɗa, babban kwalin firji, ƙarƙashin kwalin kuma buhun siminti da aka farke. Kwali yana shanye ɗigo, buhun yana hana shi ratsawa. Ga bokitin yashi a gefe, ga garin katako da na samo a Kasuwar Katako, ga tsummoki, ga leda baƙa guda biyu, ga safar hannu. Yashin nan ka ajiye shi inda hannunka zai kai kana kwance. Idan sai mai ya zube za ka tashi neman yashi, ya riga ya shige siminti.

Maganar wuri kuma. Ƙasarmu ta Gombe yashi ce, jak yana nutsewa a cikinta a hankali ba ka sani ba. In ba a kan siminti kake ba, sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. Kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ja birkin hannu, ka sa wa tayoyin baya waigi. Bulo ba abin dogaro ba ne, yana iya rugujewa farat ɗaya ba gargaɗi. Wannan batun rai ne, ya fi batun tsabta nesa ba kusa ba. Sannan ka duba iska. Lokacin hunturu, idan man ya sirance ya zama kamar zare, iska kan kaɗa shi ta watsa a taya da fuskar mutum, ga ƙura tana neman shiga inji. Ka yi aikin da sassafe, ko ka jingina kwali ta ɓangaren da iskar ke fitowa.

Mun tada injin minti biyar mun kashe, don man ya ɗan yi ɗumi ya saki jiki. Ɗumi nake cewa. Wanda ya dawo daga Kaltungo ko Bajoga da rana tsaka ya ce zai juye nan take, man da ke cikin injin nan ya kusa zafin tafasasshen ruwa. Yana taɓa hannu za ka saki noti, ka ture jarka, ka buga kai da ƙarfe. Yawancin ɓarnar da ake yi daga nan take farawa. Bari ta huce, sai ka iya ɗora tafin hannunka a kwanon man da ke ƙasan inji ka bar shi ba ka janye ba.

Kafin mu sauka, na buɗe murfin zuba mai na sama, na ɗora tsumma mai tsabta a bakin saboda ƙura. Amfaninsa biyu: man zai sauka sumul, kuma ka tabbatar murfin yana buɗuwa kafin ka zubar da wanda ke ciki.

To, bismillah. Auta, kwanta ta nan ka haska min.

Yaya, ga noti biyu nake gani, wanne ne?

Madalla da ka tambaya. Wancan na can gefe na giyabos ne, ba ruwanmu da shi. A mota mai atomatik man da ke ciki yawanci ja ne, in ka ga ja ya fito ka mayar da sauri. Namu shi ne wannan da ke gindin kwanon injin, yana kallon baya.

Yanzu ku lura da inda na ajiye jarkar. Ban sa ta daidai ƙarƙashin notin ba, na ja ta baya kamar taki guda, ta inda notin yake kallo. Man nan ba ya faɗowa a miƙe. Kamar ruwan buta ne in ta cika: da farko ya yi tsalle ya sauka can nesa, yana raguwa yana dawowa kusa, daga ƙarshe ya koma ɗigo a gindin ramin, wani lokaci ma ya bi jikin kwanon ya ɗiga ta wani wurin. Saboda haka bakin jarkar dole ya kama wuri biyun nan, inda zai fara sauka da inda zai ƙare. Shi ya sa na yanke ta da faɗi. In taka ƙarama ce, to hannunka ɗaya na kanta, kana binsa da ita.

Na sassauta da sifana, zagaye ɗaya ya isa. Sauran da yatsu. Ga sirrin: ina juyawa ina danna notin ciki, ina tura shi jikin kwanon. Muddin ina dannawa, man ba zai fito ba sai ɗan tsattsafi. Ina juyawa, ina juyawa, kun ji wannan ɗan ƙas ɗin? Zaren ya ƙare ke nan, yanzu yatsuna kaɗai ke toshe ramin. Ku dubi gwiwar hannuna, tana sama, ba a ƙarƙashin ramin ba, don kada man ya gangaro cikin hannun riga. Sai in fizge notin sama da gefe lokaci guda. Ga shi nan. Kun ga inda ya sauka? Can ƙarshen jarkar. Da a ƙarƙashin notin na tara, da duk wannan a kwali yake.

In notin ya kuɓuce ya faɗa cikin man, kada ka bi shi da hannu. Bar shi, in an tsiyaye za ka same shi a ƙasa.

Za mu ba shi minti goma zuwa sha biyar. Kafin nan ku dubi wannan 'yar woshar da ke jikin notin. Laushi gare ta, an yi ta ne don ta matse sau ɗaya ta toshe. In aka yi ta maimaita ta, sai ka ga kullum da safe akwai ɗigo a inda motar ta kwana, mutum ya yi ta zargin inji alhali abin kuɗi kaɗan ne. Sa sabuwa. Wani lokaci tsohuwar kan manne a jikin kwanon, ka duba ka ɓamɓare ta. Na goge bakin ramin, na mayar da notin da hannu tukuna har ya zauna, sannan sifana. Ɗauri mai kyau, ba na hawa da ƙafa ba. In ka ci zaren kwanon, ɗigon da za ka samu ya fi wanda kake gudu.

Saura filta, kuma a ganina ita ce ta fi ɓata mutum. A wannan Corollar a tsaye take, bakinta na sama, ma'ana cike take da mai. Na dawo da jarkar ƙarƙashinta. Na sassauta kaɗan har man ya fara bin jikinta, na tsaya, na bar shi ya gama. Yanzu ga amfanin ledar: na ninka biyu, na zura filtar a ciki, ina kwancewa ta bayan leda. Ta fito, tana cikin leda, bakinta har yanzu na sama, ban karkata ta ba sai a kan jarka. Sai in kife ta a nan ta tsiyaye. Masu Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007, taku a bayan inji take a kwance, tana kwancewa man zai zubo kan ƙarafan da ke ƙasa, ya yi kwanaki yana ɗiga kana zaton yoyo ne. Lanƙwasa kwali ka yi masa ɗan indararo daga gindin filtar zuwa jarka, ka huta.

Haska nan sosai, Auta. Kun ga wannan baƙar robar da ke zagaye da bakin tsohuwar filtar? Dole ka gan ta a nan. In babu ita, to ta manne a jikin inji. Ka ɗaura sabuwa a kanta, roba ta hau roba, kana tada mota man zai feso da ƙarfi, cikin ɗan lokaci lita huɗun nan na ƙasa, in ba a lura ba inji ya buga. Babu ɓarnar da ta kai wannan a duk aikin juye, kuma duba na daƙiƙa biyu ne ke hana ta. Sabuwar filtar, shafa wa robarta sabon mai da yatsa, ɗaura da hannu, in robar ta taɓa ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata sifana.

Mu hau sama. Mazurari na sa, wanda ba shi da shi ya yanke gorar ruwa, amma ta bushe ƙayau. Na naɗe tsumma a gindinsa. Galan ɗin sabon man kuma ku ga yadda na riƙe shi, a kwance ta gefe, ba a tsaye bakin na ƙasa ba. Haka iska ke samun hanyar shiga, man ya zubo a natse ba ya yin ɓul-ɓul yana fantsama. Abin da ya zuba a kan inji yakan gangara kan salansa, ya yi hayaƙi da ƙauri, ƙura ta bi ta manne. Ban juye duka ba. Na zuba kamar uku da rabi, na jira, na zaro gejin, wato sandar auna mai, na goge na mayar na sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita ɗaya ne, da haka za ka san abin da ya rage. Ƙarawa abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai ka koma ƙasa ka sake kwance noti. Rufe murfin, kada ka manta shi a kan inji. Sa sabon kwali a ƙasa, tada motar, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, leƙa noti da filta. Kwalin nan fes yake, alhamdu lillahi. A kashe, a sauke ta daga jak, bayan minti biyar a sake gwadawa a wuri mai daidai a cika.

Ga ɗan ɗigo nan ya tsallake kwali ya taɓa siminti, bari in nuna muku. Ba na zuba ruwa, ruwa yaɗa shi yake yi. Garin katako na barbaɗa, na murza da takalmi, a bar shi ya sha, a share, sannan a goge da garin sabulu da burushi. Hannu ma sabulu, ba fetur ba. Fetur yana busar da fata ya tsattsage ta, ga haɗarin wuta, kuma tsohon mai ba abin bari ya daɗe a fata ba ne, akwai dattin ƙarfe da ƙonannen fetur a cikinsa.

Tsohon man ga shi na tsiyaye ta bakin jarka zuwa cikin galan ɗin da ya zama fanko, na ɗaure. Wannan ma ya hana galan ɗin faɗawa hannun masu cika shi da jabun mai su sayar. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya tambaya kafin ya kai baki. Kada a zuba a kwata, ko masai, ko bayan katanga. Kowa ya san yadda ruwan sama ke gudu a garin nan da damina, abin da ka zuba a kwatar Pantami ko Jekadafari cikin kwari zai ƙare, inda yara ke wasa dabbobi ke sha, ƙasar da ya jiƙa kuwa ta daɗe ba ta fid da ciyawa ba. Masu shafa wa akuya ko jaki a kan ƙurji su ma su bari, dabbar lashewa take yi, a kai ta wurin likitan dabbobi. Kai wa bakaniken unguwarku ko masu juye a gidan mai, suna tara shi a duro, akwai masu zuwa saye. Filtar in ta gama tsiyayewa a ƙulle ta a leda a haɗa da shi. Yashi da tsumman da suka sha mai su ma a ƙulle, a ajiye nesa da murhu.

Auta, ɗauko galan ɗin ka sa a but a tsaye, ka tokare shi da tayar safaya. A darasi na gaba in Allah ya kai mu za mu duba ruwan lagireto. Wassalamu alaikum.