Koya wa Ɗalibai Tantance Bayanan Sauyin Yanayi a Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai 'yan'uwana, na gode da wannan dama.

Duk malamin da ya taɓa ba da aikin gida a kan sauyin yanayi ya san abin da ke biyo baya. Ɗalibi zai ɗauki waya, ya buɗe shafin da ya fara fitowa, idan ya ga tambari da jadawali da sunayen masu digirin digirgir, sai hankalinsa ya kwanta ya kwafe. Ba 'ya'yanmu kaɗai ke wannan ba. A shekarar 2019, rukunin masu bincike da Farfesa Sam Wineburg ya kafa a Jami'ar Stanford ta Amurka ya fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa ɗaliban sakandare 3,446. An nuna musu wani shafi kan sauyin yanayi mai suna CO2 Science, aka tambaye su ko abin dogaro ne. Ƙungiyar da ke tafiyar da shafin ta taɓa karɓar kuɗi daga kamfanin mai na ExxonMobil, amma kashi 96 cikin ɗari na ɗaliban ba su kai ga wannan alaƙa ba, domin sun tsaya duba kyawun shafin da abin da ya faɗa game da kansa.

Waɗannan masu bincike sun kuma lura da yadda ƙwararrun masu tantance labari suke aiki. Ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba. Nan take sukan fita, su nemi abin da wasu suka rubuta game da mai shafin, wane ne shi, wa ke ba shi kuɗi, sannan su dawo. Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin yaron da ya zauna gaban malamin Hadisi ya san ana bin isnadi, ana binciken halin mai ruwaya, kafin a karɓi magana. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaron nan da kansa yana shiga WhatsApp sai ya ajiye wannan tarbiyya.

Dole kuma mu nuna musu inda za su auna abin da suka karanta. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, wanda aka kafa a 1988, ba ya yin sabon bincike. Yana tattara dubban binciken da aka riga aka wallafa ne ya tace su, kuma a rahotonsa na 2021 ya ce babu shakka ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya. Idan maganar damina ce a Najeriya, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashenta kowace shekara.

Jadawali ma yakan yaudari mutum ko da alƙalumansa gaskiya ne. An daɗe ana yawo da wanda ya fara daga 1998, shekarar da ta yi zafi ƙwarai saboda El Nino, wato ɗumamar ruwan Tekun Pasifik da ke zuwa lokaci-lokaci, don a nuna wai ɗumama ta tsaya. Ku sa ɗalibi ya tambaya: me ya sa aka fara daga nan? Idan ya ja layin baya zuwa 1850, ya kawo shi 2024, shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara aunawa, zai ga amsar da idonsa.

Kada kuma mu koya musu zargin masu musun sauyin yanayi kaɗai. Kowa ya sha jin cewa Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin ɗari. Haka ya faru tsakanin shekarun 1960 da farin 1970 da 1980, amma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, har ya ɗan farfaɗo. Ɗalibin da ya rubuta cewa tafkin na gab da ɓacewa, ko da niyyarsa mai kyau ce, ya ɗauko tsohon labari ya sa masa kwanan watan yau, kuma wajibi ne a gyara masa.

Roƙona shi ne, a aikin gida na gaba, ku ware maki ga tambayoyi uku da ɗalibi zai amsa a ƙasan takardarsa: wa ya rubuta abin da ya ɗauko, a wace shekara, kuma a ina ya bincika sunan marubucin. Wassalamu alaikum.