Ranar 3 ga Fabrairu a Tarihin Kano

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Abubuwa uku zan kawo muku da suka faru ran 3 ga Fabrairu. Na farko, 1903. A wannan rana sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin Kano. Daga Zariya suka taso, suka fara gwabzawa da mutanen Bebeji a hanya. Ku riƙe wannan: Sarki Alu ba ya gari. Ya tafi Sakkwato mubaya'a wurin sabon Sarkin Musulmi, Attahiru, da mafi yawan dawakan Kano a bayansa. Ba ya gari, na ce! Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yaro ya ce wai Kanawa buɗe ƙofa suka yi. Wace ƙofa? Ganuwa ta gagari igwa, sai da Turawa suka kewaya ta Ƙofar Kabuga. Ku da kuke wucewa nan kullum a Adaidaita Sahu, kun taɓa tsayawa kun dubi wurin? Sarkin Shanu da aka bar wa jiran gari bai gudu ba, ya tsaya da 'yan mutanen da ke hannunsa har ya cika. Waziri Ahmadu ma, bayan 'yan makonni, a Kwatarkwashi ya faɗi. Allah ya jiƙansu. Ku ce amin, jama'a. Daga baya ne aka naɗa Wambai Abbas sarauta.

Lokaci na gudu. Na biyu, 1976: Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya mayar da jihohin Najeriya 19 daga 12, Kano kuwa aka bar ta yadda take. A jawabin nan dai ya ce za a ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja, to na ukun ke nan ya shigo ciki. Kwana goma bayan haka aka harbe shi.

Na'am, 'yata?

(Wata ɗaliba: Malam, to ita jihar Kano yaushe aka ƙirƙiro ta?)

Yauwa, Allah ya yi miki albarka. Ran 27 ga Mayu 1967, zamanin Gowon, gwamnan farko Audu Baƙo. Shi ne ya sa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda manoman Kura da Kadawa ke noman rani da ruwanta har yau. In kin sayi tumatir a Kwanar Gafan, daga wannan ruwa ya sha.