Gawar Fir'auna ba ta cikin dala: inda sabon ɗalibi a Alƙahira zai nufa

Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe sabon babban gidan tarihin Masar a watan Nuwamba na 2025, hotunansa suka cika wayoyi, tambaya ɗaya ke ta dawowa daga ɗaliban da suka sauka Alƙahira karatu: a ina ake ganin gawar Fir'auna? Wani ya ce cikin dala, wani ya ce sabon gidan, wani ya ce dandalin Tahrir. To, duk ukun babu ita. Ku biyo mu.

Mu fara da Giza, filin dala da ke gefen Alƙahira. Babbar cikinsu ita ce dalar sarki Khufu, an gina ta wajen shekara 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta na asali mita 146, yanzu ya dawo kusan 138 saboda duwatsun ƙololuwa sun zube. Dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano sun san siffar, sai dai a nan kowane “buhu” dutse ne mai nauyin tan biyu da wani abu, kuma sun haura miliyan biyu.

Tikitin da kuka saya a ƙofa na shiga filin ne kawai. Shiga cikin dalar Khufu tikitinsa daban, kuɗinsa daban, kuma ya fi na filin tsada. Me ke ciki? Ku duba da kyau. Hanyar hawa ta ciki tsayinta bai fi mita ɗaya da ɗan kai ba, a duƙe ake hawanta har kusan mita 40. Daga nan sai dogon zaure mai tsawon mita 47, sai ɗakin sarki. Akwatin dutse ne guda, babu murfi, babu kowa a ciki. Babu zinariya, babu zane a bango. Zafi ne da numfashin mutane. Mai ciwon gwiwa, mai asma, da wanda ƙunci ke firgitawa, su yi zamansu a waje, ba su yi asarar komai ba. Ɗalibin gine-gine kuwa ya shiga, kuɗinsa ba su tafi a banza ba.

To me ya sa babu gawa? A nan ake ruɗewa, don haka bari mu tsaya. Fir'auna ba mutum ɗaya ba ne, sarauta ce da sarakuna da yawa suka riƙe. Waɗanda suka gina dalar Giza sun riga Ramsis na Biyu, ɗaya daga cikin waɗanda ake zaton su ne Fir'aunan Annabi Musa (AS), da fiye da shekara 1,200. A zamanin Ramsis an daina gina dala, ana haƙa wa sarakuna kaburbura ne cikin duwatsu a Kwarin Sarakuna da ke Luxor, can kudu, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Alƙahira. A yankin ne aka gano gawarsa a 1881, a wata maɓoya da limaman zamanin suka tara gawarwakin sarakuna don gudun ɓarayin kabari. Ta ɗansa Marnabtah kuma aka same ta a 1898.

Gawarwakin sun daɗe a tsohon gidan tarihi na Tahrir, wannan jan ginin da aka buɗe a 1902. Shi ya sa yayyenku da suka gama Azhar shekarun baya za su rantse muku cewa a can suke. Ba ƙarya suka yi ba, labarinsu ne ya tsufa. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, aka kwashe gawa 22, sarakuna 18 da sarauniya 4, cikin wani babban jerin gwano, aka kai su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, a tsohuwar Alƙahira. Can suke har yau, a wani zaure na ƙarƙashin ƙasa mai duhu da sanyi.

Sabon gidan na Giza fa? Wannan ƙaton mutum-mutumin da ke tarbar ku a bakin shiga na Ramsis na Biyu ne, tsayinsa mita 11, nauyinsa tan 83. Shi ne ke yaudarar mutane: siffarsa ta dutse na Giza, jikinsa na Fusɗaɗ. Abin da ake zuwa gani a sabon gidan shi ne kayan sarki Tutankhamun sama da 5,000 daga kabarinsa da aka gano a 1922, har da fuskarsa ta zinariya. Shi kansa Tutankhamun gawarsa na kabarinsa a Luxor.

Wata magana a gefe. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan Annabi Musa (AS) ba, kuma masana tarihi ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba: wasu sun karkata ga Ramsis na Biyu, wasu ga Marnabtah. Duka biyun suna zauren. Don haka in ɗan rakiya ya nuna muku ɗaya yana rantsuwa, ku saurare shi da kunne ɗaya. Ba a ɗaukar hoto a zauren, masu gadi kuma ba sa wasa. 

In za ku hau tasi, kada ku ce wa direba “gidan tarihi” ku yi shiru, Tahrir zai sauke ku. Ku ce Mathaful Hadara, Fusɗaɗ, sunan gidan tarihin wayewar ke nan da Larabci. Kuma tunda kun zo unguwar, masallacin Amru ɗan Asi na nan kusa, shi ne na farko da aka gina a Masar, shekara ta 21 bayan hijira.

Sauran a gurguje. Manyan wuraren nan sun koma karɓar katin banki a wajen sayar da tikiti, don haka tsabar kuɗi a aljihu ba za ta shigar da ku ba. Ɗalibi na biyan rabin kuɗin baƙo, amma sai da katin ɗalibi mai hoto wanda bai ƙare aiki ba, kuma ana duba shekarun haihuwa. Hoton katin a waya kan jawo gardama, ku riƙe na ainihi tare da fasfo. Giza da sassafe ake zuwa, filin babu inuwa, ku ɗauki ruwa da hula. Raƙumi kuwa, a yi ciniki kafin a hau, a kuma tabbatar kuɗin ya haɗa da saukowa. Eh, saukowa.

Kada ku cusa Giza da Fusɗaɗ da ganuwar Salahuddin a wuni guda, cunkoson Alƙahira zai cinye muku rabinsa. Giza da sabon gidan tarihi rana ɗaya, tazararsu kilomita 2 ce. Fusɗaɗ da ganuwar, wadda aka soma ginawa a 1176, rana ta biyu. Masallacin Azhar da titin Mu'izz kuwa, masu zama Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ba sa buƙatar ware musu rana, ku bi ta can bayan la'asar, shiga masallacin kyauta ne.