Wa ya buga gangar Motown?

Hadiza: Masu saurare barkanku da war haka, daga Damagaram muke. Kawu Lawali, wane littafi ne wannan da ka hana mu taɓawa?

Lawali: Tarihin Berry Gordy ne, da ya rubuta da kansa a 1994. Shi ya kafa kamfanin faifai na Motown a Detroit ta Amurka, a 1959, da rancen dalar Amurka 800 daga danginsa.

Sani: Dalar Amurka dai, ba tamu ta sefa ba.

Lawali: Kai dai bari. Gida ya saya, ya mai da ɗakin baya situdiyo, shi da iyalinsa suna kwana a sama. Kafin nan ya yi aiki a masana'antar mota, sai ya kawo tsarin can: wasu su tsara waƙa, wasu su yi kiɗa, wani ya koya wa mawaƙa rawa. Ranar Juma'a a zauna a saurari sababbin waƙoƙin. Tambayar da yake yi ita ce, in kana jin yunwa da dala ɗaya a aljihu, faifan za ka saya ko abinci?

Hadiza: Ni fa Kawu, littafin mai gida ba na ba shi gaskiya duka. Makaɗan da suka buga kusan duk waƙoƙin nan, Funk Brothers, sai a 1971 aka fara sa sunansu a bangon faifai. Shekara goma sha biyu!

Lawali: Haka ne, 'yata. Shi ya sa nake haɗa shi da littattafan masu riƙe na'ura, irin na Geoff Emerick da ya naɗi waƙoƙin Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, a situdiyon Abbey Road na Landan. Can za ka ji inda aka dasa makirfo da dalilin dasa shi.

Sani: To mu fa? Kowa a Birni ya san muryar Ma'azu Ɗan Alalo. A tambayi yaran yanzu 'yan amshinsa, ko wanda ya riƙe na'ura ranar naɗi.

Hadiza: Ko kaset ɗin makaɗin Nijar Mamman Sani da aka naɗa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Sai da kamfanin faifai na Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji.

Lawali: Tsofaffin ma'aikatan rediyo suna nan da ransu. Sani, wayarka tana naɗar murya ko?

Sani: Tana yi, Kawu, in akwai caji.

Lawali: To ka nemo caji, Asabar mu fara da na Zongo.