Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar Ɗalibi, Sabuwa Ko Ta Hannu?

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Kumasi. Takardunku sun cika mini tebur, kuma fiye da rabinsu maganarsu ɗaya ce: yara sun samu gurbin karatu, makaranta ta ce a zo da laftof, aljihu kuma ga yadda yake. Shi ya sa na gayyato Injiniya, wanda ya daɗe yana gyaran kwamfuta a Adum. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yawwa, sannunmu dai. Allah Ya sa mu amfana.

Mai gabatarwa: Amin. Lokaci ba ya jira. Wani matashi daga Sawaba yana tambaya, baƙa ce ta fi ƙarko ko mai ruwan azurfa? Haba ɗan'uwa, ai ba shaddar sallah za ka yanka ba. Launi ba ruwansa da ƙarko, ɗauki wadda ta samu.

Wata ɗaliba daga Asawase kuma ta ce tana da waya mai kyau, ba za ta ishe ta ba? Za ta ishe ki karanta darasi, ƙanwata. Amma ranar da aka ce ki buga furojet ɗin shekarar ƙarshe, da jadawali da lambobin shafi, yatsunki biyu ba za su kai ki ba.

To, ga wadda nake so mu zauna a kanta. Wata uwa ce daga Aboabo, 'yarta ta rubuta mata. Ta ce koko da ƙosai take sayarwa, yarinyar ta samu shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, za ta karanci aikin jinya. Kuɗin susu ne ta ɗauka, adashin da ta daɗe tana zubi. Sun je kasuwa, wani ya nuna musu sabuwa dal a kwali, wani kuma ya nuna musu ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai, kuma kuɗin kusan ɗaya. Ta ce ita zuciyarta na kan sabuwar, don ba ta so 'yarta ta shiga jami'a da kwancen wani. Mma, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki ci moriyar yarinyar nan. Injiniya, me za ka ce mata?

Injiniya: To, ka ga su waɗannan na hannu, yawancinsu daga ofisoshi suke fitowa. Bankuna da manyan kamfanoni a Ingila da Amurka da Jamus sukan canza na'urorin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, ba don sun lalace ba. Sai 'yan kasuwa su kwasa, a loda a kwantena, ta sauka Tema, wasu su tsaya Akara wajen Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, wasu su hauro mana nan. Da can ma, lokacin da na fara koyon aiki, irin masu nauyin nan ake kawowa, sai ka...

Mai gabatarwa: Injiniya, Mma na can tana juya ƙosai tana jiranka. Wacce za ta ɗauka?

Injiniya: In kuɗin ɗaya ne, ta hannu mai kyau ta fi sabuwa mai araha. Dalili kuwa, sabuwar da za a ba ta a wannan kuɗin, galibi furosesa ɗinta, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Celeron ne mara ƙarfi, ram ɗinta, wato inda take riƙe ayyukan da aka buɗe, giga 4, ma'ajiyarta giga 64, kuma sau da yawa a manne suke, ba a iya ƙara su. Yarinya za ta buɗe shafuka shida a intanet, ta buɗe Word, sai na'ura ta tsaya cak. Ita kuwa ta ofis, don aikin yini guda aka ƙera ta, jikinta da ƙwari, kayan gyaranta kuma cike suke da kasuwa.

Mai gabatarwa: Ka faɗi sunaye, don a rubuta.

Injiniya: Akwai Lenovo ThinkPad T480, akwai HP EliteBook 840 G5, akwai Dell Latitude 5490 ko 7490. Amma sunan ba shi ne kaɗai ba, abu uku za a duba a ciki. Na farko furosesa: Core i5, zubi na takwas ko sama. Yadda ake ganewa, za ka ga an rubuta i5, sai 'yar sanda, sai lamba, kamar 8250U ko 8350U. Wannan 8 ɗin na farko shi ne zubin. In ka ga 4 ko 5 ko 6 a wurin, tsohuwa ce ƙwarai, ko da an ce maka i7 ce. Mutane na ruɗuwa da i7 ɗin nan. Sau da yawa tsohuwar i7 ba ta kamo ƙafar i5 zubi na takwas, wadda aka fara fitarwa a 2017.

Mai gabatarwa: Me ya sa lallai sai takwas?

Injiniya: Saboda Windows, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Kamfanin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10, wato gyare-gyaren tsaron da yake aiko wa kowa kyauta. Shi kuma Windows 11, a ƙa'idarsa, daga zubi na takwas yake farawa a na'urorin Intel. Akwai masu cusa shi da dabara a tsofaffi, za ka gan shi yana aiki a shago, amma ba haka kamfanin ya tsara ba, kuma ba a ba ka tabbacin zai ci gaba da karɓar gyara. Na biyu ram, kada ya gaza giga 8. Na uku ma'ajiya, a nemi SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, ko da giga 256 ce. Kada a ruɗe ki da cewa wannan tana da giga 1,000 alhali tsohon faifai ne mai juyawa. Shi ne yake sa ka kunna kwamfuta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi da duk karatun da ke ciki.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, 'yar Mma ki ɗauko biro. Core i5, lambar da ke bayan sanda ta fara da 8 ko 9, ko kuma da 10, 11 zuwa sama. Ram giga 8. Ma'ajiya SSD, giga 256. Na sake: i5 zubi na takwas, ram 8, SSD 256. Kuma kada ki yarda da 'yar takardar da aka liƙa a jikin na'urar, kowa na iya liƙa ta. A kunna, a shiga saitin, ki gani da idonki.

Ni kuma, Mma, ga tawa. Babu abin kunya a kayan hannu. Abin da zai dami yarinyar nan shi ne na'ura ta ƙi tashi daren da za ta miƙa aiki. Kwalin da kike gani, ranar farko za a jefar da shi.

Kuma in faɗa muku abin da ya same ni, don har yau yana ci mini rai. Na saya wa ɗan ƙanwata ɗaya a wani shago, ba zan ambaci wurin ba. An gwada mini ita tana jone da wuta, komai lafiya. Muka kai gida, yaro ya zare caja, ko minti ashirin ba ta yi ba ta mutu. Na koma washegari, mai shago ya ce ina rasit? Babu. Kuɗin sabon batir daga aljihuna ya fita. Don Allah 'yan'uwa masu shaguna, ku ji tsoron Allah. Wanda ya zo gabanku da kuɗin koko, ku faɗa masa aibin kaya kafin ya biya.

Injiniya: Batir kam shi ne raunin ta hannu, gaskiya ce. Ka ce wa mai shago ya fito maka da rahoton batir, Windows na da shi a ciki. Lamba biyu za ka gani, ƙarfin da ya baro kamfani da shi, da wanda ya rage masa yanzu. In ya zube ƙasa da rabi, a rage maka kuɗin sabo. In ba ka iya wannan ba, a zare caja, ka kunna bidiyo, ka zauna rabin awa kana kallon yadda yake sauka. Kana zaune ɗin nan sai ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe farin shafi ka duba gilashin ko da tabo ko layi. Ka sa fulas a kowane rami, ka gwada kyamara da lasifika, ka kama intanet, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙallansa sun saki. Sannan a kashe a shiga BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi. In ta nemi lambar sirri, ka bar na'urar, ofishin da ta fito ba su sake ta ba.

Mai gabatarwa: A rasit kuma a rubuta lambar jikin na'urar da kwanakin garanti, mai shago ya sa hannu. Kada kowa ya tura momo, wato kuɗi ta waya, ga wanda ya gani a Facebook ko WhatsApp kafin ya riƙe kaya a hannunsa. Wanda kuma ya tare ka a tashar toroto da laftof ba caja, yana cewa kawo ko nawa ne, wuce abinka, kada ka sayi rigima da 'yan sanda.

Minti huɗu suka rage mana. Wani daga Alabar ya ce mu faɗi farashi. Farashin nan dala yake bi, abin da na faɗa yau ba lallai ya kai mako ba. Ka zaga shago uku da takardar nan a hannunka, ka kuma ware 'yan sidi na jaka da fulas.

Wani ɗalibin zanen gine-gine yana tambaya ko irin kwamfutar da muka faɗa za ta ɗauki AutoCAD, manhajar zanen gini. Injiniya, a taƙaice.

Injiniya: Zanen shimfiɗe za ta yi. Amma in an kai ga zana gini a tsaye da fito da hotonsa, yana buƙatar ram giga 16 da katin hoto na daban, irin na Nvidia. Kuma irin waɗannan suna zafi, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, shi ya sa nake faɗa wa yara su daina ɗora ta a kan katifa, iska ta ƙasa take shiga. Akwai wadda aka kawo mini, da na buɗe...

Mai gabatarwa: Sai wani makon, Injiniya. Ɗalibi, ka fara tambayar 'yan aji uku na sashenku abin da suke amfani da shi kafin ka saya.

Wata kuma daga Tafo ta ce ƙawayenta duk MacBook gare su. Ƙanwata, na'ura ce mai kyau, amma gyaranta da tsada. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud, wato na kamfanin Apple, a gabanki, in ba haka ba ranar da ta kulle babu mai buɗe miki. Ki kuma duba ƙarfin iyayenki, kada ki auna su da na ƙawaye.

Ta ƙarshe daga wani Alhaji ce a Sabon Zango, ya ce dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya ƙona wa ɗansa caja har biyu. Alhaji, in an ɗauke wuta a zare caja daga bango, sai ta dawo ta zauna kafin a mayar, domin dawowarta da ƙarfi ce ke yin ɓarna. A sayi soket mai kariya, a kuma nemi caja ta asali mai ƙarfin da aka rubuta a ƙarƙashin na'urar, a bar ta bakin titi.

Sauran takardun na ajiye su, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. 'Yar Mma ta Aboabo, in kun saya ki rubuto mana lambar da kika gani bayan i5 ɗin. Injiniya, mun gode. Ga labarai nan tafe.