Darasi: Yadda ake zaɓen fentin salansa da zafi ba ya ci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma muna nan garejinmu a Tudun Wada, Kaduna. Mai ɗaukar hoto, matso kusa kaɗan. Kun ga salansar nan da ke hannuna? Ta mashin Boxer ce. Mai ita ya fesa mata fenti sati biyu da suka wuce, ga shi tun daga wuyanta fentin ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, tsatsa kuma ta dawo. Abin ya dame ni, domin kuɗi ya kashe, kuma fentin ƙofa aka sayar masa.

Abin da nake so ku fara ganewa shi ne, salansa ba zafinta ɗaya ba. Nan wuyan, inda ta kama jikin inji, idan mashin ya yi tafiya mai nisa zafin yakan wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Can baya wajen bututun da hayaƙi ke fita, zafin ya ragu sosai. Shi kuwa fentin gida ko na jikin mota, da zafi ya haura digiri 100 da 'yan kai sai ya fara laushi. To ina zai iya da wuyan salansa?

Yaro, miƙo min gwangwanayen nan biyu. Yauwa.

Idan ka shiga Panteka ko wajen masu kayan mashin, kada hoton wuta da aka zana a jikin gwangwani ya ruɗe ka. Juya shi, nemi lamba, sannan ka dubi harafin da ke gaban lambar. Nan ne mutane suke faɗawa rami. Wannan an rubuta 500, amma harafin F ne, ma'aunin Amurka ke nan. Idan ka mayar da shi C, wato Salshiyos, digiri 260 ne kacal. Fentin jikin inji ne, ba na salansa ba. Ni kaina da nake koyon aiki na taɓa sayen irinsa, na fesa wa mashin ɗin wani dattijo, kafin ya kai Kawo ya dawo salansar ta yi fari fat. Wallahi ranar kunya ta hana ni ɗaga kai, da kuɗina na sake aikin.

Wannan ɗayan kuma 1200 F ne, wato wajen digiri 650 a C. Daga nan zuwa sama ne ake maganar salansa. Akwai masu kaiwa 2000 F, kamar VHT Flameproof, kusan digiri 1090 ke nan. Irin waɗannan da sinadarin silikon da siramik ake haɗa su, shi ya sa zafi yake ƙara musu ƙarfi. Yawancinsu baƙi ne mara ƙyalli ko ruwan azurfa. A ganina baƙin ya fi rufin asiri.

To ka sayo na kirki, saura aiki. Kwance salansar bayan ta huce sarai. Ka bi ta da burushin ƙarfe da samfefa har sai ka ga farin ƙarfe, kada ka bar ko ɗigon tsatsa ko tsohon fenti. Idan mai ƙyalli ce, sai ka goge ƙyallin ya dushe, in ba haka ba fentin ba zai kama ba. Sai ka goge maiƙo da tina a tsumma mai tsabta, daga nan kada ka ƙara taɓa ta da hannu. Kuma don Allah kada ka shimfiɗa jan fentin ƙasa na yau da kullum, shi zai fara ƙonewa ya tafi da na sama.

Girgiza gwangwanin kamar minti biyu, ka ji ƙwallon ciki yana ƙara. Tsaya nesa da kamar taƙi ɗaya, ka fesa sama-sama, ka jira minti 10, ka ƙara. Sau biyu ko uku ya isa. Mai kauri fashewa yake yi. A fili za ka yi, nesa da mai walda da mai shan taba, ka rufe hancinka. Lokacin hunturu ka nemi lungun da ƙura ba ta shiga, da damina kuma ka jira ranar da gari ya bushe.

Abu na ƙarshe, wanda gaggawa take sa a tsallake, shi ne gasa fentin. Bushewa daban, nuna daban, kuma zafi ne yake nunar da shi. Bayan ya kwana ya bushe, ɗaura salansar, tada mashin ya yi sulo na minti 10, kashe shi ya huce minti 20. Sake tayarwa minti 20, ya sake hucewa. Sannan ka hau ka yi tafiyar rabin awa a hankali. Za ka ga hayaƙi yana tashi daga jikin salansar da ɗan wari, kada hankalinka ya tashi, fentin ne yake kamawa. Idan an rubuta wani lokaci daban a bayan gwangwaninka, bi nasu.

Yaro, kawo samfefar, mu fara da wannan wuyan su gani.