Damisa a Kasuwa: Shin Neman Riba Zai Iya Cetonta a Daji?

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum.

A farkon watan Yunin 2016, jami'an kula da namun daji na ƙasar Tailan suka buɗe wani firiza a wani wurin ibadar mabiya Buda da ke lardin Kanchanaburi. Suka tarar da gawarwakin 'ya'yan damisa 40 a ciki. Wurin nan ya yi shekaru yana karɓar kuɗin shiga daga baƙi masu zuwa su shafa damisa su ɗauki hoto da ita, kuma masu shi suna cewa aikin ceto suke yi. Sama da damisoshi 130 masu rai aka kwashe daga can a wannan samamen.

Damisar da muke magana a kanta ba tamu ba ce ta dazukan Afirka mai ɗigo-ɗigo a jiki. Wannan ta Asiya ce, mai ratsin baƙi a kan jar fata, wadda wasu ke kira taiga, kuma ta fi zaki girma. A farkon ƙarni na 20 ana kiyasin akwai kusan 100,000 a daji, daga gaɓar Tekun Kasfiya har tsibirin Bali. Zuwa 2010 kimanin 3,200 suka rage. Ta Bali da ta Jaba da ta Kasfiya duk sun ƙare. A 2010 ɗin ce ƙasashe 13 suka taru a birnin St. Petersburg na Rasha suka ɗauki alkawarin ninka adadin kafin 2022.

To ceton dabba irin wannan aikin gwamnati ne kaɗai, ko kuwa 'yan kasuwa ma suna da hannun da za su sa? Akwai masu cewa a bar wa kasuwa gaba ɗaya ma ya fi, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Suna cewa ku dubi saniya da kaza. Kullum ana yanka su, amma ba wanda ke fargabar za su ƙare, domin suna da masu su, kuma mai abu ba ya barin jarinsa ya salwanta. Dabbar da ba ta kowa ba ita ce ke ƙarewa, don duk wanda ya riga kai hannu shi ya ci. A 2006 wani marubuci ɗan Indiya, Barun Mitra, ya rubuta a jaridar New York Times cewa a sayar da damisa domin a cece ta. Wato tunda akwai masu neman ƙashinta don haɗa magani da giya a Sin da Biyetnam, a ƙyale mutane su yi kiwonta kamar shanu, a cika kasuwa da ƙashi na halal har farashi ya faɗi, mafarauci ya ga wahalar shiga daji ba ta da riba. Sukan kawo misalin kada, wanda kiwonsa don fata ya rage masa matsin farauta a wasu ƙasashe. Sukan kuma kawo Afirka ta Kudu, inda wata doka ta 1991 ta ba masu gonaki ikon mallakar namun dajin da ke cikin shingensu, har aka wayi gari fiye da rabin farin karkanda na ƙasar yana hannun masu zaman kansu.

A takarda maganar ta zauna. Abin da ya sa ba sai mun tsaya ga takarda ba shi ne an riga an gwada. Sin ta haramta cinikin ƙashin damisa a cikin gida tun 1993, amma gidajen kiwon ba su rufe ba, irin na Harbin da na Guilin. Yau ana kiyasin akwai damisoshi kusan 8,000 a keji a Sin da Laos da Tailan da Biyetnam, adadin da ya haura duk na dajin duniya, waɗanda kiyasin 2023 ya sa su kimanin 5,500. Da kiwo yana kare na daji, da ƙasashen nan ne za su fi kowa cin moriya. Amma a Laos an daina ganin damisa a daji, a Biyetnam ma haka. Maƙwabciyarsu Kambodiya, hoton ƙarshe da kyamara ta ɗauka na damisa a dajinta tun 2007 ne.

Me ya hana lissafin fita? Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kaji ya san amsar. Ga kajin gidan gona nan birjik, manya, masu araha, amma kazar Hausa ba ta yi kwantai ba, kuɗinta ma ƙaruwa ya yi, don masu ci sun yarda ta fi daɗi. Haka masu sayen ƙashin damisa suke, sun yi imani na dajin ya fi ƙarfi. Wani binciken jin ra'ayi da aka wallafa a 2008 kan mazauna biranen Sin ya gano cewa a cikin masu amfani da kayan damisa, kashi 71 cikin ɗari sun fi son na daji. Ga kuma tsada. Mai kiwo sai ya yi shekaru yana zuba wa dabba nama kullum kafin ta isa yanka. Mafarauci kuwa tarkon waya ne ko guba a jikin mushen saniya. Ko yaya farashi ya faɗi, shi yana da riba. Sannan idan ƙashi ya zama gari ko ya narke a kwalbar giya, babu jami'in kwastan da zai duba ya ce wannan na keji ne, wancan na daji. Kasuwar halal sai ta zama mayafin kayan sata. Shi ya sa a 2007 ƙasashen yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka amince kada a yi kiwon damisa don cinikin sassan jikinta, kuma da Sin ta sanar a Oktoban 2018 cewa za ta sassauta haramcin, kafin wata guda ya cika sai ta ɗage saboda caa da aka yi mata.

Wutar kasuwar nan har Afirka ta laso. Da ƙashin damisa ya yi wuya, sai dillalai suka koma kan na zaki, wanda ido ba ya bambanta su. A 2017 Afirka ta Kudu ta ba da izinin fitar da ƙwarangwal 800 na zakunan kiwo a shekara, kuma Asiya suke nufa. Shi ma misalin karkandan yana da ƙarashe. John Hume, wanda ya fi kowa kiwonsu a duniya, ya tara kusan 2,000 yana jiran ranar da za a halatta cinikin ƙaho tsakanin ƙasashe. Ranar ba ta zo ba, kuɗin gadi ya cinye shi. A 2023 ya sa su a gwanjo, ko mutum ɗaya bai taya ba, sai ƙungiyar African Parks ce ta saye su daga baya don ta mayar da su daji.

Ni dai a nawa ganin, batun kiwo ya mutu. Damisar keji ma ba ta iya komawa daji cikin sauƙi, don uwa ce ke koya wa 'ya'ya farauta na kusan shekara biyu, kuma wadda ta saba karɓar nama daga hannun mutum, in aka sake ta, gari za ta nufa.

Akwai wata kasuwar daban, wadda ita damisa mai rai take sayarwa, a dajinta. Ku dubi gandun dajin Ranthambore, a jihar Rajasthan ta Indiya, inda motoci ke jerin gwano tun asuba a bakin ƙofa. A nan wata damisa mai suna Machli ta rayu har ta mutu a 2016 tana da kusan shekara 20, kuma an sha yin kiyasin cewa baƙin da take jawowa suna shigar da kusan dala miliyan 10 a shekara. Masu otal, direbobi, 'yan rakiya, masu dafa abinci, duk tuwonsu yana rataye da ita. Irin waɗannan mutanen idanu ne a daji. Idan wata damisa da suka sani ta yi sati biyu ba a gan ta ba, su ne za su fara tada jijiyar wuya, kuma jami'in da ke son ɓoye asara zai sha wuya.

Sai dai a lura da wa ya riga wa. Masu otal ba su ne suka dawo da damisar Indiya ba. Gwamnatin Indira Gandhi ce ta yi dokar kare namun daji a 1972, ta ƙaddamar da shirin Project Tiger a 1973 da gandu 9, waɗanda yanzu sun haura 50. A dokar nan dabbar daji ta hukuma ce, ba wanda ke mallakarta. Gwamnatin ma ta yi nata tuntuɓen: a 2005 aka tabbatar cewa gandun Sariska babu damisa ko ɗaya alhali takardun ofis suna nuna akwai, a 2009 Panna ta bi sahu. Abin kunyar Sariska ne ya sa aka koma ƙirga da kyamarori maimakon bin sawu. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, ta 2022 ta ba da kimanin 3,682. Otal-otal sun biyo baya ne bayan an samu abin kallo. Kuma da aka sakar musu mara, sai wasu suka riƙa gini da kafa shinge a kan hanyoyin da dabbobin ke bi daga wannan daji zuwa wancan, har a Yulin 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da yawon buɗe ido a tsakiyar gandayen, ba ta janye ba sai a Oktoba, bisa sharaɗin kada a wuce kashi 20 cikin ɗari na wurin.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mutumin ƙauye. Damisa guda tana buƙatar kusan dabba 50 masu girman barewa a shekara, kuma ƙi-sabo ce, kowace tana son nata yankin. Idan suka yi yawa sai ƙananan su fita gefen daji, inda ake kiwo da yin itace. Saniyar manomi ce ake kashewa, wani lokaci matarsa ko ɗansa. An tashi ƙauyuka da dama daga tsakiyar gandaye, ana biyan kowane gida rufi (kuɗin Indiya) miliyan 1, wanda aka ƙara zuwa miliyan 1 da rabi a 2021, kuma har yau ana jayayya kan ko duka da yardarsu suka tashi. Mai otal ɗin kuwa yana Delhi ko Mumbai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin da aka yi wa haka, idan dillali ya zo da daddare yana tambayar inda damisa ke shan ruwa, me zai hana shi nunawa?

Nepal ta ɗan kamo bakin zaren. Tun tsakiyar shekarun 1990 dokarta ta tanadi a mayar da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin shigar gandu ga ƙauyukan da ke kewaye da shi. A gefen gandun Chitwan, mutanen Baghmara sun raya wani daji da kiwo ya cinye, suka mayar da shi nasu na al'umma, su ke karɓar kuɗin baƙi. Wannan ma kasuwanci ne, bambancin kawai mai haƙuri da ɓarnar shi ne mai cin ribar. A gefe guda kuma sojojin ƙasar ne ke gadin gandun. Damisoshin Nepal sun tashi daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022. Tare da haka hare-hare kan mutane sun ƙaru, kuma da annobar korona ta rufe hanyoyi a 2020, kuɗin baƙi ya ƙafe dare ɗaya, a nan da Indiya duka. Albashin mai gadi ba zai jira jirgi ya sauka ba.

Kuma ba kowace damisa ce ke sayuwa ga mai kyamara ba. Ta Sumatra, a Indonesiya, ba su kai 600 ba, suna cikin kurmi mai duhu inda baƙo zai yi wata guda bai ga ko jela ba. A can abokin takararsu kamfanonin manja ne da na katakon takarda, waɗanda suka share dazuka masu yawa a tsibirin, kuma babu tikitin kallo da zai kamo ribar hekta guda ta kwakwar manja. Akwai attajiri ɗan ƙasar, Tomy Winata, da ke ɗaukar nauyin wani yanki mai suna Tambling a kudancin tsibirin, da masu gadinsa, kuma binciken da aka yi da ƙungiyar Panthera mai kare dangin damisa da zaki a 2013 ya nuna damisoshi sun yi yawa a wurin fiye da yadda aka zata. Amma wannan kashe kuɗi yake yi, daga ribar da ya samo a wasu harkokin. Ranar da shi ko magadansa suka gaji, dajin yana nan, masu zarto ma suna nan.

A arewa maso gabashin Sin, kan iyaka da Rasha, damisoshin Siberiya sun fara dawowa har suna haihuwa. Ba daga kejin Harbin suka fito ba, duk da ɗaruruwan da ke can. Daga dajin Rasha suka tsallako da ƙafarsu, bayan an hana saran katako, an kwashe tarkuna, barewa da aladen daji sun dawo, aka kuma ayyana yankin a matsayin gandun ƙasa a 2021.